Ƙanwata ta samu maki 228 a JAMB: ta sauya kwas ne ko ta jira baɗi?

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar malamai da ɗaliban jami'a a kan wata matsala da ta tsaya mana a gida.

Ƙanwata ta kammala sakandare a Funtuwa, ta samu kiredit a Turanci, Lissafi da darussan kimiyya uku a jarrabawar NECO, sannan ta samu maki 228 cikin 400 a JAMB. Ta zaɓi karatun likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, amma duk wanda muka tuntuɓa sai ya ce da wuya wannan maki ya kai ta, saboda yawan masu neman gurbin.

Mahaifinmu yana son ta sauya kwas ta koma Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina, inda za ta zauna a gidan gwaggonmu, a huta da kuɗin ɗakin kwana da na mota. Ita kuwa ta kafe a kan likitanci, har ta sake fito da littattafanta na Kimistiri ta jera su a kan tabarma, tana cewa gara ta sake rubuta JAMB baɗi. Ni dai abin da nake tsoro shi ne shekara guda a gida ba wasa ba ce ga 'ya mace, domin tuni wasu dangi suka fara zancen aure.

Shin kason da jami'o'in tarayya ke warewa ga jihohin yankinsu zai iya taimaka mata a Zariya da wannan maki? Idan kuma ta karɓi wani kwas na kimiyya, akwai hanyar komawa likitanci bayan shekarar farko?