Lauyana ya yi shiru kan gidan da nake saye a Sawaba, in matsa masa?

Maman Sadiya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina sayar da atamfa a kasuwar Kejetia da ke Kumasi, Ghana, kuma tun da na yi aure haya muke yi a Aboabo. Bana Allah ya nufa na samu ɗan gida mai ɗaki uku a Sawaba. Na biya wani kaso, sauran sai lauya ya gama duba takardu. Tun bayan ƙaramar Sallah na kai masa komai a ofishinsa a Adum, har yau amsarsa ɗaya ce: "Hajiya, muna kai." Mai gidan kuwa kullum sai ya kira, wai akwai wani da kuɗi a hannu. Lauyan dattijo ne, kawuna ya haɗa ni da shi, ina jin nauyin yawan kiransa. Amma kuɗin nan adashin shekaru ne, barci ma ba na samu. Sau nawa ya dace in tuntuɓe shi, kuma me zan ce?

Malam Tela:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kuɗinki kika biya shi, tambaya haƙƙinki ce. Sai dai ki sauya irin tambayar. In kin ce "yaya ake ciki?" dole ya ce muna kai. Ki tura saƙo a WhatsApp, da ladabi, ki ce: Baba, wace rana aka shigar da neman bincike a hukumar filaye, wato Lands Commission? A turo mini hoton rasit. In ya shigar, rasit na nan. In bai shigar ba, za ki gane a ranar.

Binciken nan, wanda muke cewa sach, shi ke nuna sunan wa ke kan filin, da ko an taɓa sayar wa wani ko an jinginar a banki. Kafin ya fito kada ki ƙara wa mai gida ko sidi ɗaya, komai kiran da zai yi. Sau ɗaya a mako ya isa, kuma kowane lokaci ki tambayi abu uku: me aka gama, me ake jira, a hannun wa yake. Ki nemi lambar akawun ofishin ma, don shi ke zirga-zirga da fayil.

Alhaji na Asawase:
Ƙanwata, kada ki yi saurin zarginsa. Filin Kumasi yawanci na sarauta ne. Takardar da sarkin unguwa ya bayar tun farko ba ta isa ba ita kaɗai, sai an bi ta ofishin filaye na Asantehene, sarkin Asante, a fadarsa ta Manhyia, sannan Lands Commission. Can akwai jira, kuma ba lauya ke riƙe da alƙalamin ba. Nawa gidan ma a can ya daɗe.

Abin da nake so ki tambaye shi shi ne shekarun da suka rage. A filin sarauta haya ce ta dogon lokaci ake ba mutum, galibi shekara 99 ga ɗan ƙasa, baƙo kuwa tsarin mulkin 1992 bai yarda ya wuce 50 ba. In mai gidan ya ci 40 a ciki, saura kike saye. Ki tambaya kuma ko ana bin gidan kuɗin ƙasa na shekara-shekara, da harajin gida na asambuli, wato ƙaramar hukuma, da bashin kamfanin wuta na ECG. Duk wanda ba a biya ba, ke za a zo wa.

Anti Rabi:
Maman Sadiya, gidan nasa ne shi kaɗai ko na gado? Wannan ne ya fi damuna. A zangonmu gidaje da yawa sunan marigayi ne a takarda, sai ɗa ɗaya ya fito ya sayar, bayan an biya 'yan'uwa su taso. In na gado ne, lauya ya ga takardar kotu da ta ba magada ikon kula da dukiyar. In kuma ya sayi gidan ne yana da aure, dokar filaye ta 2020 ta ce sai da rubutaccen izinin matarsa. Wani lokaci shirun lauya daga mai sayarwa ne, shi ya ƙi kawo takarda, kuma shi ne mai yi miki gaggawa.

In kunya ta hana ki, ki tafi da kawunki ofishin, tunda shi ya haɗa ku. In duk an yi ba bayani, kina iya karɓar fayil ɗinki ki kai wa wani, kuma General Legal Council na sauraron koke kan lauyoyi.

Maman Sadiya:
Allah ya saka muku da alheri. Na tura saƙon kamar yadda Malam ya tsara, da yamma akawunsa ya turo rasit, an shigar da sach ɗin. Anti Rabi, maganarki ta fito: indencha, wato takardar mallakar gidan, sunan mahaifin mutumin ke kai, kuma lauya ya ce ya nemi takardar kotu tun tuni ba a kawo ba. Na gaya wa mai gidan duk abin da zai ce ya kira lauya. Ranar Litinin, in sha Allahu, ni da kawu za mu je Adum, na rubuta tambayar shekarun da ta bashin wuta a takarda.