Miƙe ƙafa da yara da tsohuwa a Millennium Park na Abuja: ta ina za mu bi?

Baƙuwar Kubwa:
Assalamu alaikum jama'a. Muna son fita miƙe ƙafa ranar Asabar a Millennium Park, mu shida: ni da maigida, yara uku (ɗan shekara tara, 'yar shekara biyar da jaririya), sai surukata mai fama da ciwon gwiwa. Wane ɓangare ya fi sauƙin tafiya? Wane lokaci ya dace, kuma me za mu riƙe? Keken jarirai zai yi amfani, ko goyo ya fi?

Ɗan Maitama:
Wa alaikumus salam Hajiya. Wurin na Maitama ne, kusa da otal ɗin Transcorp Hilton, kuma faɗinsa ya kai kadada 32, don haka kada ku sa a ranku sai kun zagaye shi duka. Wani rafi ne ya raba shi biyu. Wurin aikin Manfredi Nicoletti ɗan Italiya ne, kuma Sarauniya Elizabeth ta Ingila ce ta buɗe shi a Disambar 2003. Ɓangare ɗaya lambu ne tsararre. A nan akwai doguwar hanya miƙaƙƙiya da aka shimfiɗe da farin dutse, ga maɓuɓɓugan ruwa na ado. Ɗaya ɓangaren kuwa an bar shi da itatuwa da ciyayi kamar daji.

Ku tsaya kan shimfiɗaɗɗiyar hanyar. Keken jarirai zai gangara lafiya a kanta, amma da zarar kun sauka kan ciyawa ƙananan tayoyinsa sai su riƙa nutsewa, musamman idan an kwana biyu ana ruwa. Ki riƙe zanen goyo a jaka saboda haka.

Da agogo za ku auna tafiyar. Ku yi minti 15 gaba, ku huta minti 10 a inuwa, ku juyo. Babba shi kaɗai yakan ci kilomita 4 zuwa 5 a awa, amma da 'yar shekara biyar da Mama, kilomita 2 ma kun yi ƙoƙari. Kuskuren da aka fi yi shi ne a yi ta nisa har sai yaro ya ce ya gaji, alhali komawar tana nan daram, sai a ƙare da saɓa shi a kafaɗa.

Ma'aikaciyar Jinya:
Bari in ƙara kan maganar Mama. Mai ciwon gwiwa ya fi shan wuya a gangara da saukar matakala fiye da hawa, domin nauyin jiki kan gwiwar yake faɗawa. Idan tana amfani da sanda, ta riƙe ta a hannun da ke ɓangaren ƙafa mai lafiya, ba ɓangaren ciwon ba. In an zo matakala, mai lafiyar ce ke fara hawa, mai ciwon ce ke fara sauka. Ku ɗauko mata kujera mai naɗewa, don tashi daga tabarma ya fi tafiyar wahala.

Kowa ya sa takalmi rufaffe mai roba a ƙasa. Silifas na zame wa yara, kuma dutsen nan idan feshin ruwa ya jiƙa shi santsi gare shi.

Ruwan sha: lita ɗaya ga kowane babba, rabin lita ga kowane yaro, a ƙara lita ɗaya ta wanke hannu. A riƙa ba yara suna kurɓa duk hutu, kada a jira su nema, wasa na mantar da su ƙishirwa. Jaririya idan ba ta kai wata shida ba, nono ya ishe ta. Kada kuma a lulluɓe kekenta da mayafi don kare rana, zafi ne ke taruwa a ciki. Guzuri mara nauyi ya wadatar: ayaba, dabino, kankana a mazubi mai murfi.

Mai Lura da Sama:
Ni dai lokaci ne abin dubawa. Mutane sun fi son yamma, amma da damina, daga Afrilu zuwa Oktoba, hadarin Abuja yawanci da yammar yake haɗowa, kuma ba ya sallama. Hantsi ya fi muku. In kun ji tsawa, mota za ku nufa, ba gindin doguwar bishiya ba. A Fabrairu da Maris kuwa kada azahar ta same ku a fili.

Kafin ku shimfiɗa tabarma, ku duba gindin bishiyar ko akwai cinnaka. Kusa da rafin sauro na fitowa dab da magariba, kuma ba wurin da za a saki yaro ba ne. Ranakun Sallah da Kirsimeti wurin cika yake maƙil. Ko a Asabar ɗin ma, a rubuta lambar wayar maigida a takarda a sa wa kowane yaro a aljihu.

Baƙuwar Kubwa:
Allah ya saka da alheri. To salla fa, idan lokaci ya riske mu?

Ɗan Maitama:
Ku riƙe buta da darduma, fili ba ya ƙaranci. In kuma kun fi son jam'i, Babban Masallacin Ƙasa tafiyar 'yan mintuna ce a mota. Da kun shiga ku tambayi masu gadi ƙarfe nawa ake rufe ƙofa, ku kuma taho da leda ta kwashe ɓawon ayabar.