Injin na juyawa amma mota ba ta tashi, fitilar makulli na ƙyaftawa

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Mota ce mai makullin murɗawa, ba mai maɓalli ba. Kik yana juya injin da ƙarfi amma ba ta kamawa. A dashbod akwai wata fitila mai hoton mota da makulli, tana ta ƙyaftawa ko da an buɗe ki. An sa sabon batir a rimot, ba abin da ya canja. Wani ya ce famfon mai ne. Kafin a sauke tanki, ta ina ya kamata a fara?

Mai wayarin:
Wa alaikumus salam. Malam, kada a taɓa tanki tukuna. Wannan fitilar ta na'urar hana sata ce, wadda ake kira imobilaiza. Idan an zare ki tana ƙyaftawa a hankali, wannan daidai ne. Amma da an buɗe ki ya kamata ta mutu cikin 'yan daƙiƙoƙi. Idan ta ci gaba, to motar ba ta gane makullin ba.

A cikin kan makullin akwai ɗan ƙaramin cif, wani kamar ƙwayar shinkafa ta gilashi, wani baƙi kamar ɓallin gawayi. Ba ya amfani da batir ko kaɗan. A bakin ramin ki akwai zoben waya, shi ke ba shi wuta ta iska, yawanci a kan kilohaz 125, cif ɗin ya mayar da lambarsa. Idan lambar ba ta zo ba ko ba ta dace ba, birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, sai ya hana nozul fesa mai ko ya hana fulogi wuta. Shi ya sa batirin rimot bai yi maka komai ba, aikinsa buɗe ƙofa ne kawai.

Fara da makullin ajiya in akwai. Idan ya tayar da ita, magana ta ƙare, laifin makullin farko ne. Sannan ka cire makullin daga cikin tarin makullai, domin cif biyu a kusa da zoben suna rikita karatu, haka ma ƙarfe mai yawa. Idan duka makullan biyu sun ƙi, sai hankali ya koma kan zoben: a cire robar da ke rufe wuyan sitiyari, a duba soket ɗinsa ko ya saki ko wayar ta karye, a kuma duba fis ɗin da ke ba na'urar wuta.

Bakanike:
Na yarda da Oga, amma ni batirin mota zan fara aunawa, ko da kik na juyawa. Cikakken batir yana ba da bolt 12.6 a tsaye. Lokacin da ake murɗa ki bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. Idan ya faɗi, na'urar na iya yanke magana da birenbos a daidai lokacin da ake karanta lamba. A goge kawunan batir, a ɗaure su, a duba wayar da ke haɗe da bodi.

Abu na biyu, a daina yawan gwadawa. Nissan tana kulle kanta bayan an gwada sau 5 a jere da makullin da ba ta sani ba, ta ajiye lambar matsala P1610 a kwamfutarta. A sa kwamfutar duba mota, amma ba ƙaramar da ke karanta injin kaɗai ba, wadda ke shiga ɓangaren imobilaiza ake so. A Toyota, B2796 na nufin ba a ji cif ba sam, B2795 kuma an ji shi amma lambarsa ba ta dace ba. Bambancin nan yana da muhimmanci: na farko makulli ne ko zobe, na biyu rajista ce. Ford kan ba da P1260. Volkswagen halinta daban, takan tashi na daƙiƙa ɗaya ko biyu ta mutu, da lambar P1570.

Ga masu mota mai maɓalli da za su karanta wannan: ku batirin rimot ya shafe ku, galibi CR2032 ne mai bolt 3. In ya mutu, a taka burki, a manna rimot ɗin a jikin maɓallin a danna. Wasu motocin suna da wurin ajiye shi na musamman, littafin motar zai nuna.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Batir 12.5 ne, kuma babu makullin ajiya. Amma an canja wa makullin gida saboda tsohon ya fashe, daga nan matsalar ta fara.

Mai wayarin:
To ai ga ta nan. Sabon gida fanko yake zuwa, sau da yawa akan mayar da ƙarfen makullin da allon rimot a manta da cif, domin a wasu makullan yana maƙale a wani lungu shi kaɗai. Nemo tsohon gidan. Kafin ka fasa komai, riƙe shi a jikin bakin ramin ki, ka murɗa da sabon. Idan fitilar ta mutu motar ta tashi, cif ɗin lafiyarsa ƙalau. A ciro shi a hankali, a yanke robar da ke kewaye da shi maimakon a ɓanɓare shi da sukundireba, na gilashin da ya tsage ya tashi aiki. A sa shi a mazauninsa a sabon gida, a ɗiga ɗan gam don kada ya riƙa yawo.

In tsohon gidan ya ɓata, sai sabon cif irin na motar, a yi masa rajista da na'ura ta soket ɗin OBD, wato inda ake jona kwamfutar duba mota. Wasu motocin suna buƙatar lambar sirri, kuma mai aikin kirki zai nemi takardun mota kafin ya taɓa. Za a ba ka shawarar a cire imobilaiza daga birenbos gaba ɗaya. Ban goyi baya ba, domin daga ranar duk ƙarfen da ya murɗa ramin zai tayar da motar. Tunda za a haɗa na'urar, a yi rajistar makulli biyu a zama ɗaya, kuma a goge lambar cif ɗin da ya ɓata.