Musayar Waƙa: Wa Zai Karanta Littafin Kafin Ya Fito?

Ƙanwarku ta Rikkos

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena marubutan Jos. Na kammala ƙagaggen labarina na farko, wanda na gina a kan wata yarinya mai tallan dankali a kasuwar Farin Gada, amma tun da na ajiye alƙalami na kasa tsayar da hanyar da zan bi in fitar da shi. Tun da al'adarmu ita ce a yi tambaya da waƙa a amsa da waƙa, ga tawa.

Da sunan Allah nake buɗe zance,
Wanda bai bar bawansa cikin duhu ba.

Na rubuta littafi har ƙarshensa,
Amma ban san ƙofar da zan bi da shi ba.

Ƙawaye sun ce in saka shi a waya,
Kullum shafi, ba zan rasa masu biya ba.

Yayana ya ce in kai maɗaba'a,
Sai dai kuɗin takarda bai samu ba.

Malamina ya ce in jira gasa,
Ni kuwa ban san ranar zuwanta ba.

Iyayena, ku da kuka riga ni,
Ku nuna mini abin da ban hango ba.

Baba Malam, Gangare

Wa alaikumus salam, 'yata, Allah ya yi wa alƙalaminki albarka. Kafin in amsa miki, ya kamata ki san inda wannan sana'a ta faro. A 1933 ne Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin wani Bature mai suna Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai, kuma daga cikinta aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Imam, wanda aka haifa a Kagara a 1911, malamin makarantar Midil ne a Katsina a lokacin. A 1936 aka ɗauko shi zuwa Zariya, inda ya rubuta Magana Jari Ce, yana rubutawa ana dubawa ana mayar masa, kuma a 1939 ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Bayan Hukumar sai Kamfanin Gaskiya a 1945, daga baya kuma kamfanin buga littattafai na Arewa, wato NNPC, a 1966, kuma dukkansu suna da mutanen da aikinsu shi ne su karanta rubutu kafin ya shiga inji. Na riƙe amsa-amonki.

'Yata, na ji tambayar da kika yi,
Hanya uku kin jera, kowacce da nauyi,
Sai dai akwai aikin da ya kamata a yi,
Wanda ban ji kin ambace shi ba.

Imam da ya aika da nasa Zariya,
An karanta, an yi masa gyara bisa gaskiya,
Ya zauna ya koyi aikin da zuciya ɗaya,
Bai ce hikimarsa ta fi ƙarfin gyara ba.

Shi ya sa littafinsa ya kawo yau,
Ana karanta shi a Jos, ana yi a Gusau,
Kowace jimla an zauna an yi mata kyau,
Ba a bar ta yadda ta faɗo daga baki ba.

Kafin ki tambayi wanda zai saya,
Nemi mai karantawa ya faɗa miki gaskiya,
Ya nuna inda labarin ya saki hanya,
Wanda bai ji tsoron ɓacin ranki ba.

Waya da inji da gasa duk ɗaya ne,
Abin da kika ba su shi za su fitar ne,
In da rauni a ciki, a fili zai zaune,
Babu ɗayansu da zai iya rufe shi ba.

Hajiya, Unguwar Rogo

Malam, Allah ya ƙara girma. Ban musa darajar gyara ba, amma tarihin da ka kawo yana da wata fuska wadda mu mata muka fi saninta, domin a kanmu ta faru. NNPC ta buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980 bayan wata gasa, muka yi murna muna zaton ƙofa ta buɗe. Ba a jima ba tattalin arziki ya karye, musamman bayan tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnati, wato SAP, na 1986, takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka koma kan littattafan makaranta. A wannan hali ne Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987 da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991, mu ma ƙanana muka bi sahu. Ka yi mini izini in sauya amsa-amo.

Malam, ranar da aka rufe mana ƙofa,
Babu editan da ya fito ya neme mu.

Mun sayar da 'yan kunne da kayan ɗaki,
Muka kai wa mai inji ya buga mana namu.

Mun raba labari kashi uku, kashi huɗu,
Na ɗaya ya biya na biyu, da haka muka samu.

Diloli sun karɓa bashi, sai sun sayar,
Wani ya biya, wani har yau yana riƙe da haƙƙinmu.

Masana suka ce adabin kasuwa muke yi,
Matan aure kuwa a ɗaka suna karanta mu.

Na san waɗanda suka shiga yaƙi da jahilci,
Don su karanta da kansu abin da ke littattafanmu.

Auren dole, da kishi, da saki ba dalili,
Mun rubuta su ne don sun faru a gidajenmu.

Da mun zauna jiran mai gyara kafin mu fito,
Da yau babu wanda ya san sunayenmu.

Ɗan Dilimi

Baba Malam da Hajiya, ku yi mini afuwa in sa baki cikin maganar manya. Abubakar Adam Ibrahim a garin nan aka haife shi a 1979, a Jami'ar Jos ya yi karatu, kuma littafinsa Season of Crimson Blossoms, wanda ya fito a 2015, ya ci kyautar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG a 2016, mai ɗauke da dala 100,000. Marubuci Helon Habila ma a wannan jami'a ya yi karatu kafin ya ci kyautar Caine ta gajerun labaran marubutan Afirka a 2001. Kamfanin buga littattafai na Cassava Republic, wanda aka kafa a Abuja a 2006, yana kai littattafan marubutan ƙasar nan har Ingila.

Ƙanwata, akwai hanya ta huɗu da aka bari,
Ita ce ki mayar da labarinki Ingilishi.

Ɗan garin nan ya rubuta rayuwar mutanenmu,
Duniya ta karanta, ta kuma karrama shi.

A can akwai kamfani da ma'aikatan gyara,
Su tace littafi, su buga, su tallata shi.

Mai rubutun Hausa ya yi littafi talatin,
Ya tsufa hannu wofi, ga tarin bashi.

Ina son harshena, ban taɓa raina shi ba,
Amma mai yi masa hidima, wa ke tuna shi?

Baba Malam, Gangare

Ɗana, nasarar ɗan garinmu tamu ce,
Muna alfahari da shi, Allah ya ɗaukaka shi.

Amma ka dubi abin da ka faɗa da bakinka,
Ka ce akwai masu tace littafi kafin a buga shi.

Wannan ne abin da nake nema wa Hausa,
Ba laifin harshe ba ne da muka rasa shi.

Yarinyar Farin Gada da aka rubuta dominta,
Wa zai karanta mata in an juya shi Ingilishi?

Ka kuma tuna cewa Balaraba da Hausa ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne, kuma sai a 2012 aka buga fassararsa ta Ingilishi a Indiya, wadda Aliyu Kamal ya yi. Fassarar ce ta zo ta sami littafin bayan ya shekara 22 a hannun masu karatunsa na asali.

Mai shagon littattafai, Bauchi Road

Malamai, ni ba marubuci ba ne, amma a hannuna littattafanku suke kwana, saboda haka ku saurari ta bakin ɗan kasuwa. Mafi yawan takardar da ake bugu da ita daga waje ake shigo da ita, don haka duk lokacin da dala ta tashi sai kuɗin bugu ya bi ta. Abin da ya fi fita a shagona shi ne littafin da aka sa a manhajar jarrabawar WAEC ko NECO, sai littattafan addini. Game da gasa kuwa, 'yata, Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata, ta gajeren labari ce, ba za ta ɗauki cikakken littafi ba, amma tana fito da sunan marubuciya.

'Yata, in za ki buga, ki buga kaɗan,
Kada ki tara dubbai kafin ki ga masu saya.

Ki zaɓi bango mai kyau da rubutu manya,
Don mai karatu da ido yake fara zaɓar kaya.

Ki rubuta yarjejeniya da duk dilalin da ya karɓa,
Da shaidu, da ranar da zai zo ya biya.

Littafi mai kurakurai yakan dawo mini,
Mai saye ya buɗe, ya ajiye, ya juya baya.

Yayarki ta Tudun Wada

Ni a waya nake fitar da nawa, kuma ba na son a bar wannan hanya babu mai kare ta.

Ƙanwata, waya ta ba ni abin da inji bai ba ni ba,
Masu karatu a Yamai da Makka da Zariya.

Suna biya, ina sa su a zauren littafin,
Kullum dare suna jiran ci gaban tafiya.

Sai dai akwai masu kwafe shi su raba kyauta,
Aikin wata shida ya watse cikin dare ɗaya.

Kuma mai rubutu kullum don kada a gaji da jira,
Ba ta da lokacin da za ta koma ta duba baya.

Ke da kika riga kika gama naki tsaf,
Kin fi ni damar ki gyara kafin ya shiga duniya.

Hajiya, Unguwar Rogo

Maganar 'yar Tudun Wada ta tuna mini da yadda marubutan Kano suka kafa ƙungiyar Raina Kama, wadda Gidan Dabino da Balaraba suke cikinta, suna taimakon juna wajen bugawa da tallatawa a lokacin da babu kamfanin da ya kula su. Malam, har yanzu ina kan bakana cewa bai kamata yarinyar nan ta zauna jiran wani kamfani ba. Amma ina tare da kai cewa kada ta fita babu wanda ya duba mata, kuma tun da babu Hukuma a yau, ina ganin mu ne ya wajaba mu yi wannan aiki.

Malam, kai ka riƙi nahawu da ƙa'idar rubutu,
Ka raba kalmomin da suka haɗe a rubutunmu.

Ni zan riƙi zubi da halayen taurari,
In ga ko mai tallan tana magana irin tamu.

Mai shago ya lissafa takarda da kuɗin inji,
Ya faɗi adadin da ba zai karya mu.

'Yar Tudun Wada ta koya mata sirrin waya,
Yadda za ta tallata ba tare da an sace namu.

'Yata, zan yi miki jan biro ba sassauci,
Ki shirya jin abin da ba a faɗa mana a zamaninmu.

Ƙanwarku ta Rikkos

Na gode, iyayena da yayyena, Allah ya saka muku da alheri. Na yanke shawara, kuma ga ta da amsa-amon da na fara da shi.

Da Hausa na rubuta, da Hausa zai fito,
Yaya na Dilimi, ban ƙi shawararka ba.

In ya tsaya da ƙafarsa, kai za ka fassara,
Don ban san wanda ya fi ka dacewa ba.

Babi ukun farko zan saka a waya kyauta,
Amma sai bayan gyara, ba kafin nan ba.

Baba mai shago, ka fara lissafin bugun,
Ka sa mafi ƙaranci, kuɗina ba su da yawa ba.

Ranar Asabar bayan la'asar zan kawo kwafi biyu, ɗaya na Baba Malam ɗaya na Hajiya, kuma na bar fili a gefen kowane shafi domin gyara. Hajiya, ina roƙon ki fara da babi na bakwai, inda mahaifiyar yarinyar ta hana ta komawa makaranta, domin a nan ne nake jin maganganun uwar ba su zauna daidai ba.