Yaro ya daki dakali da keke, shin mai ɗori ya wadatar?

Kawun Yaro, Gwale:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar ma'aikatan lafiya da ke wannan zaure. Jiya da la'asar ɗan ƙanwata mai shekara 11 yana tuƙa keken yayansa a harabar wata Islamiyya da ke unguwarmu, birki ya ƙi kamawa, ya je ya daki dakalin siminti da ke bakin rijiya. Kan keken ya juya ya soke shi a ciki, ya bar jan shaida zagayayye kamar bakin kwalba a ƙasan haƙarƙarinsa na hagu, wuyan hannunsa kuma ya kumbura. Ya tashi da kansa har ya ci tuwon dare, amma yau da safe ya yi amai, yana ta kukan ciki. Kakarsa ta ce tunda ba mota ce ta kaɗe shi ba, a kai shi wurin mai ɗori kawai. Me kuke gani?

Ma'aikaciyar Jinya, Tarauni:
Wa alaikumus salam. Malam, don Allah a ajiye batun hannun tukuna, a kai yaron nan sashen gaggawa na Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano yanzun nan. Wurin da ka kwatanta nan saifa take, kuma idan ta tsage jini yakan riƙa zuba a cikin ciki sannu a hankali, yaro yana yawo yana cin abinci, sai daga baya jikinsa ya rikice. Haka ma raunin hanji da kan keke yake jawowa, yakan ɗauki sa'o'i da yawa, wani lokaci har kwana, kafin ya bayyana. Wannan zagayayyen shaidar sananniyar alama ce a wurin likitoci, don haka ka nuna musu ita, ka kuma faɗa musu ƙarara cewa kan keke ne ya soke shi, domin su yi hoton ciki. Kada a ba shi abinci ko ruwa kafin likita ya duba shi, kada kuma a ba shi asfirin ko ibuprofen, saboda suna ƙara zubar jini. Idan ka ga ya yi fari, yana gumi mai sanyi, ko yana cewa kafaɗarsa ta hagu na ciwo alhali bai buge ta ba, to abin ya yi tsanani. A tambaye shi kuma ko ya bugi kansa, domin amai yana iya fitowa daga nan.

Baban Yara, Dala:
Allah Ya ba shi lafiya. Ina girmama ra'ayin Hajiya kakar yaron, amma dakali ba ya matsawa, duk ƙarfin gudun a jikin yaro yake ƙarewa. Har littafin rarrabe cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, ICD-10, ya ware lamba V17 ga mai keken da ya yi karo da abin da ke kafe, ya kuma bambanta wanda ya faru a kan titi da wanda ya faru a wajensa. Game da hannun, idan an gama da cikin a yi masa hoton ƙashi, ko a nan Asibitin Ƙashi na Dala. A wuyan hannun yaro akwai inda ƙashi yake tsiro, idan karaya ta ratsa wurin aka ɗora ba daidai ba, hannun yakan girma a karkace, ɗaurin da ya matse a kan kumburi kuma yana iya tare jini.

Mai Gyaran Keke, Ƙofar Wambai:
Ni abin da na sani shi ne keken. Yawancin kekunan da ake kawo mini, robar da ke bakin kan ta cinye, bututun ƙarfen ya fito tsirara, kuma shi ne yake sokar yaro idan ƙafar gaba ta tsaya cak. Sauya robar da takalmin birki ba wani kuɗi ba ne. Sannan keken yayansa ya fi ƙarfinsa: yaron da ƙafarsa ba ta kai ƙasa, yatsunsa ba sa cimma birki, ba shi da yadda zai tsaya. Kafin wani yaron gidan ya sake hawa, Malam, a duba waɗannan, a saya musu hular kwano daidai kansu.