Daren kacici-kacicin Gidan Makama: yaya ta kaya muku?

Baban Ummi, Fagge: Jama'a, duk wanda ya shiga kacici-kacicin tarihin Kano da muka yi ta Zoom daren Asabar ya zo ya faɗi yadda ta kaya masa. Kuɗin shigar da aka tara, kamar yadda aka yi alkawari, na kai 'yan firamare Gidan Makama ne, wato gidan adana kayan tarihi na Kano, a biya musu mota da tikiti. Ni dai a tambaya ta huɗu aka ɗauke wuta, waya kuma ba caji. Sai labari.

Malama Uwani: Ni kunya na kwasa. Aka ce wa aka gina wa gidan? Na rubuta Sarki Abdullahi Bayero da ƙarfin gwiwata. Ashe Muhammadu Rumfa ne, tun yana riƙe da sarautar Makama, kafin ya hau gadon sarauta a 1463. Shekara nawa ina bi ta ƙofar gidan nan in wuce Kurmi sayen kayan ɗinki, ban taɓa leƙawa ba. Kuma ni ce mai koyar da yara! Ɗiyata tana gefe tana ta ƙyalƙyala dariya.

Ɗan Kano a Kumasi: Malama, ki yi haƙuri, ni na zo na ɗaya, kuma rabona da gida shekara tara. Albarkacin kakata ne, Allah Ya jiƙanta. Ita ta riƙa ba mu labarin yadda Turawa suka shigo ta Ƙofar Kabuga a 1903, Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato. Da tambayar ta fito sai na ji kamar muryarta a kunnena.

Alhaji na Mandawari: Yaro, Allah Ya yi albarka, amma ni har yanzu ina da ƙorafi kan tambayar ganuwa. Aka ce wa ya gina ganuwar Kano, na ce Rumfa, aka ce na faɗi, wai Gijimasu. To, Gijimasu ya fara, babu musu, amma Rumfa ai ya faɗaɗa ta. Da "wa ya fara" aka ce, da ban buɗe baki ba. Mai tsara tambaya ya riƙa auna kalmarsa.

Baban Ummi, Fagge: Alhaji, ka yi gaskiya. Sai dai ka bar lasifikarka a buɗe, duk mun ji Hajiya tana cewa tuwo zai huce.

Sadiya 'yar BUK: Ni Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa na cakuɗa. Na ɗauka makarantar bokon da Hanns Vischer, Baturen da ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe a 1909 a cikin birni take, ashe a Nassarawa ce. Haushi ya sa washegari na tafi Gidan Makaman da ƙafata. Ana shiga zaure zafin waje ya yanke, kaurin bangon ƙasar nan ba wasa ba. Na daɗe tsaye gaban tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari, ina tunanin mutum nawa ke tura guda da magariba. Shawarata: a rage lokacin amsa zuwa daƙiƙa 15, don na lura da masu sunkuyar da kai suna tambayar Google.

Malama Uwani: Baban Ummi, ranar kai yaran a sa sunana cikin 'yan rakiya. A gaba zan zauna, kusa da mai bayani.