Neman kalmar Hausa: me za mu kira country house?

'Yan uwa masu aikin fassara, kalmar da ta tsaya mini a rai kwanakin nan ita ce country house, wadda Turawan Ingila kan kira stately home, tare da abokiyar tafiyarta estate. Na ga an fassara ta da "gidan ƙauye", alhali duk Bahaushen da ya ji haka ɗakuna biyu da rumbu da danga zai hango.

Mu ɗauki gidan Chatsworth da ke yankin Derbyshire a Ingila domin mu san abin da muke raɗa wa suna. Iyalin Cavendish sun sayi wurin a 1549, kuma ɗan zuriyarsu, Duke na Devonshire na farko (Duke babbar sarauta ce ta gado a Ingila), shi ne ya sake gina gidan tsakanin 1687 da 1707. Yana bakin kogin Derwent, da lambu mai eka 105 da makiyaya ta kusan eka 1,000, bayansu kuma akwai dazuzzuka da gonakin da manoma ke biyan haya da ƙauyuka irin su Edensor.

Wasu sun ce a kira shi fada. Ban yarda ba, domin fada wurin mulki ce, inda sarki ke zama da fadawa ana kawo ƙara ana yanke hukunci, shi kuwa Duke ba ya mulkin kowa daga Chatsworth. Hasali ma gidan ba a ƙasar Devon yake ba, duk da sunan sarautar. Iyalin suna da gidansu na birni a Landan har zuwa 1920, saboda haka abin da country ke nufi a nan shi ne bayan gari. Gidan tarihi ma bai zauna daidai ba. Gidan Makama na Kano kayan tarihi aka adana a cikinsa, amma a Chatsworth masu gida suna nan, masu ziyara na sayen tikiti su zaga wani sashe su fita. Bayan rasuwar Duke na goma a 1950 gwamnati ta nemi harajin gado na kashi 80 cikin ɗari, har aka miƙa wani gidan nasu, Hardwick Hall, a madadin kuɗi, sannan a 1981 aka damƙa Chatsworth ga wata gidauniya wadda iyalin ke biyanta kuɗin hayar ɗakunan da suke ciki. Gidan gona kuwa a yau ya koma sunan wurin kiwon kaji na attajiri.

Ni a ganina gandu ce kalmar estate, kuma ba aro muka yi ba. Sarakunan Kano sun daɗe da gandaye da gidaje a wajen ganuwa, a Fanisau da Dorayi da Nasarawa. Sai dai "gidan gandu" kaɗai yana da ma'anarsa, wato gidan da uba da 'ya'yansa masu aure ke noma tare suna ci daga rumbu ɗaya, kuma irin wannan gandun kan watse idan an raba gado. Na sarauta ba a raba shi, yana bin wanda ya gaji rawani, kamar yadda bisa al'adar gidajen sarautar Ingila babban ɗa ke ɗauke gida da ƙasa gaba ɗaya, wanda shi ne dalilin da Chatsworth ya shafe fiye da shekara 470 a hannun zuriya ɗaya.

Don haka shawarata ita ce "gidan gandun sarauta". A labari sai a rubuta cewa gidan gandun sarauta na Chatsworth a buɗe yake ga masu ziyara. Idan mai gidan ba shi da rawani, kuɗi ne kawai ya saya masa wurin, sai a cire sarauta a ce "gidan gandun attajiri".